Shaidar Zur a Cikin Injin Motarmu



A gidanmu da ke Maraɗi mota ɗaya muke da ita, a-kori-kura fara mai ƙofa huɗu, ƙirar 2009, mai shan gazuwal. Mu da wanmu muka haɗa kuɗi muka saye ta a hannu cikin 2016, bayan ta gama wa wasu aiki a hanyoyin daji. Ita ke kwaso hatsi daga gonar gado da ke gabas da Tasawa, ita ke kai Malam, mahaifinmu, asibiti duk wata don a auna jininsa, in kuma an yi haihuwar dare ko rasuwa a unguwa, ƙofarmu ake bugawa a are ta. Tuƙinta yana hannun ɗan ƙanen Malam, maraya ne da ya tashi a ɗakin mahaifiyarmu, ya ci tuwo a kwano ɗaya da mu. Shekara 4 ya yi yana jan ta, bai taɓa ko goga ta da bango ba.

A kakar 2022, cikin watan Oktoba, muna dawowa da buhu 10 na hatsi, tsakanin Gazawa da Agiye, sai wata ƴar fitila ruwan goro mai siffar inji ta kama a gaban direba. Nan take ƙarfin motar ya zube. Yaron ya taka totur har ƙasa, amma ta ƙi wuce gudun amalanken da ke sauri. Muka gangara gefen kwalta, ta mutu da kanta. Ya yi ta murza makulli, inji na juyawa, ba ya kamawa. Muka zauna a inuwar gawo kamar rabin sa'a, ya sake gwadawa, sai ta tashi lafiya lau kamar ba abin da ya faru. Kafin mu shiga Maraɗi sau 2 ta sake yi mana haka, kuma kowane karo sai ta huce take yarda ta tashi.

Mai karatu zai tuna cewa a daminar wannan shekarar an yi ƙarancin gazuwal a Nijar. Layuka suka yi tsawo a gidajen mai, kuma daga 1 ga Agusta lita ta tashi daga sefa 538 zuwa 668. A irin wannan lokaci man duro da na jarka kan yi kasuwa, kowa kuma yana da labarin wanda aka sayar wa gazuwal haɗe da kananzir ko ruwa. Saboda haka tun kafin mu isa gareji zuciyarmu ta riga ta yanke hukunci, makanike kawai muke jira ya sa hannu.

Makaniken gidanmu dattijo ne, shi ya riƙa gyara tsohuwar Peugeot 504 ta Malam tun muna zuwa makarantar allo. Ya saurari inji, ya kwance matatar mai, ya juye abin da ke gindinta cikin gwangwanin tumatir. Ruwa ya kwanta a ƙasa kamar cokali biyu, da ɗan baƙin laka. Ya miƙo mana gwangwanin ya ce, "Ga ciwonku nan, ɗan Malam. An ba ta mugun mai." Bai ambaci sunan kowa ba. Mu ne muka waiwaya muka dubi yaron.

Abin da muka faɗa masa a zaure a daren nan ba za mu maimaita shi duka a wannan shafi ba. Mun ce muna ba shi kuɗin gidan mai yana zuwa wurin ƴan ruwa-ruwa, yana soke ragowar a aljihu. Mun ce amanar da aka ba shi ce ya ci. Ya daɗe kansa a sunkuye, sa'an nan ya ce, "Yaya, sau ɗaya na taɓa zuba mata man duro, lita 20, ranar da za a kai Baba asibiti ba a samu a gidan mai ba. Kai ka aike ni." Gaskiya ya faɗa, mun kuwa tuna da ranar sarai, amma fushi ya hana mu karɓa. Da asuba muka tarar da makulli a rataye jikin ƙusar da Malam ke rataye carbinsa. Yaron ya tafi ƙauye wurin dangin uwarsa, daga baya muka ji yana neman kuɗin mota zuwa Agadas.

Sabuwar matata ta yi kwana 3, ciwo ya dawo. Wannan karon dattijon ya ce mugun man ya riga ya cinye famfo da injekta duka huɗu, sai an sauya. Kuɗin da ya lissafa ya haura sefa miliyan 1. Wanmu ya ce a sayar da shanun huɗa biyu da ke gona, tun da dai an gama noman bana, kafin damina Allah ya kawo wasu.

Ba mu rubuta wannan don mu rage darajar dattijon ba, domin a fanninsa ba mu san wanda ya fi shi ba. Injin da ya girma da shi, irin 1HZ da ke cikin Land Cruiser ta daji, famfonsa na ƙarfe ne zalla. Famfon ne ke auna mai, shi ke matsa shi, shi ke aika wa kowace silinda rabonta a kan lokaci, duk ta hanyar juyawar ƙarfe da sifirin. Wanda ya iya sauraro zai gane ciwon irin wannan inji da kunne, ya kuma gyara shi a ƙarƙashin bishiya. Motarmu ba haka take ba, ko da yake daga waje ba ka ganin bambanci. Ita tana cikin zuriyar da aka fara a manyan motocin Hino na Japan a 1995 da kayan kamfanin Denso, sa'an nan ta shiga ƙananan motoci a Turai a 1997 da Alfa Romeo 156 da kayan Bosch. A wannan tsari aikin famfo ɗaya ne, ya cika wani bututun ƙarfe mai kauri da makanikanmu ke kira ramp, ya tara mai a ciki da matsi mai tsanani. Daga ramp ɗin nan injekta huɗu ke sha, kuma lantarki ke buɗe su, bisa umarnin wata ƴar kwamfuta da ake kira ƙwaƙwalwar mota. Don mai karatu ya kwatanta: iskar tayar mota ba ta cika wuce bar 2 zuwa 3 ba, amma a cikin ramp, ko motar na tsaye inji na aiki a hankali, matsin yana kusan bar 300, in ta ɗauki kaya tana hawa kuwa yakan kai bar 1,600 a irin namu.

Ita ƙwaƙwalwar ba ta da ido a cikin ramp. Kamar sarki take a fada, abin da ƴan rahoto suka kawo mata da shi take aiki. Ƴan rahoton su ne ƙananan na'urorin da makanikan Nijar ke kira kaptar, na Najeriya su ce sensa. Akwai mai faɗin saurin juyawar inji, akwai mai faɗin zafin ruwa, akwai mai auna iskar da ke shiga, akwai kuma wanda aka ɗaura a bakin ramp yana faɗin matsin mai. Duk wannan ba mu san shi ba a lokacin. Daga baya muka koya, da tsada.

Malam ne ya hana a kai shanu kasuwa. Bai san komai game da inji ba, bai kuma yi da'awar sani ba. Cewa ya yi kawai, "Mutum ɗaya kuka ji. Ku ji na biyu, shanu ba za su gudu ba." Wani maƙwabci ya yi mana kwatancen wani saurayi mai gyaran lantarkin mota a bayan tasha, wanda ya yi makarantar koyon sana'a, yana da na'urar da suke kira baliz. Muka je da rabin zuciya, don a ganinmu yaro ne ƙarami, ko gemu bai tara ba.

Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne bai buɗe gaban motar ba sai da ya gama tambaya. Da sanyi take yi ko da zafi? Da kaya ko wayam? In ta mutu, minti nawa take ɗauka kafin ta tashi? Akwai baƙin hayaƙi? Fitilar ruwa, wadda take dabam da fitilar inji, ta taɓa kamawa? Muka ce ba ta taɓa ba. Muka ba shi labarin gwangwanin tumatir, ya yi murmushi ya ce, "Ai aikin gindin matata ke nan, ya tare ruwa. Tanki yakan yi gumi daga ciki, balle bayan damina. Cokali biyu a matatar da ta daɗe ba abin tsoro ba ne." Jin haka gabanmu ya faɗi, amma muka yi shiru.

Sa'an nan ya durƙusa ya jona baliz a wata mahaɗa mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Wannan mahaɗa doka ce ta kawo ta: Amurka ta wajabta ta ga motoci tun 1996, Turai kuma ta wajabta wa ƙananan motocin gazuwal a 2004, har ta zama ruwan dare. Lambobi biyu suka fito, P0088 da P0191. Ta farko ma'anarta matsin mai a ramp ya wuce kima. Ta biyu tana cewa rahoton kaptar ɗin matsi bai dace da abin da ake tsammani ba. Muka ce to, ashe famfo ne ke tura mai fiye da ƙima, dattijo ya yi gaskiya. Ya girgiza kai. Ya ce lamba ba ta faɗin abin da ya lalace, tana faɗin abin da aka gaya wa ƙwaƙwalwa ne kawai, kuma ya sha ganin an sayi famfo sabo a kan wannan lamba ciwo bai tafi ba.

Tsohuwar matatar tana nan a bayan mota inda aka jefa ta. Ya yanka ta da zarto, ya buɗe takardar da ke ciki a rana, yana neman ƙyalƙyalin garin ƙarfe, domin famfon da ke cin kansa yakan zubar da shi, ya bi mai ya koma tanki ya dawo matata. Bai ga ko ɗigo ba. Ya ta da inji ya duba a baliz yawan ƙari ko ragin man da ƙwaƙwalwa ke yi wa kowace silinda don ta daidaita su, ya tarar huɗun suna kusa da juna. Injektar da ta mutu da ta fita dabam.

Gwajin da ya warware zancen mai sauƙi ne, har muka ji kunyar sauƙinsa. Ya sa muka zaga da motar har ta yi zafi ta fara halinta. Muka tsaya, ya kashe ta, ya jira mintoci don matsin da ke ramp ya sauka, sa'an nan ya murza makulli zuwa inda fitilu ke kamawa ba tare da ya ta da inji ba. Famfo ba ya juyawa, saboda haka abin da ya kamata a gani shi ne sifiri ko kusa da shi. Baliz ya nuna lamba tana rawa tsakanin bar 200 da 400. Ya juyo da allon wajenmu ya ce, "Yallaɓai, inji a kashe yake. Wa ke matsa wannan man?"

Daga nan muka fahimci dukan abin da ya faru a hanyar Agiye. Kaptar ɗin in ya ɗauki zafi sai ya riƙa faɗin matsi fiye da wanda ke akwai. Ƙwaƙwalwa ta gaskata shi, ta umarci bawul ɗin da ke bakin famfo ya rage shigar mai, matsin gaskiya ya faɗi, inji ya rasa abinci. In ƙaryar ta yi yawa sai ƙwaƙwalwa ta tsorata, ta kunna fitila ta taƙaita ƙarfin inji don kada wani abu ya fashe. In ya huce sai ya dawo faɗin gaskiya, mota ta tashi.

Duk da haka saurayin bai yarda ya ɗora wa kaptar laifi nan take ba, ya ce waya ma tana iya yin wannan ƙaryar. Waya 3 ke shiga cikinsa: ɗaya na kawo volt 5 daga ƙwaƙwalwa, ɗaya ta ƙasa ce, ta uku ita ke mayar da rahoto. Ya auna ta farko da ma'aunin lantarki, volt 5 cif. Ta ƙasa lafiya. Ya duba haƙoran mahaɗar, babu tsatsa babu kore. Ya kama damin wayoyin yana girgizawa tun daga ramp har inda suka shige jikin mota, idonsa na kan allo, girgizar ba ta canza komai ba. Wayar rahoto kuwa, wadda in babu matsi ya kamata ta tsaya tsakanin rabin volt da volt 1 gwargwadon ƙirar, ta haura haka sosai. Daga ƙarshe ya jiƙa tsumma da ruwan randa ya naɗe kan kaptar ɗin. Muna kallo lambar ta riƙa sauka har ta kusa sifiri. Muka tambaye shi ko mugun mai na iya jawo wannan. Ya ce abin da ya gaji ɗan lantarkin da ke cikin kansa ne, shekara 13 yana shan zafi da girgizar hanyoyinmu, kuma mai bai isa wurin ba.

Sayen sabo ya zo da nasa darasi. A wani shago cikin gari aka fito mana da ɗaya a kwali mai kyau, kuɗinsa kaɗan, zarensa ya yi daidai, mahaɗarsa ta yi daidai. Saurayin ya karanta lambar da aka buga a jikinsa ya mayar. Ya ce kowane kaptar da iyakar awonsa. In ka ɗaura wanda aka yi wa injin da ke kaiwa bar 1,800 a kan na 1,600, zai riƙa faɗin ƙasa da gaskiya, ƙwaƙwalwa ta yi ta ƙara matsi, ka gudu daga ciwon da ke kashe mota a hanya ka faɗa wanda ke cin injekta a ɓoye. Ya kuma gaya mana abin da wani zai ɓoye: littafin masu ƙera motar cewa ya yi a sauya ramp ɗin gaba ɗaya, kada a kwance kaptar shi kaɗai, saboda wurin zamansa na iya yoyo. Ramp sabo ya ninka kuɗin sau da yawa. Muka yi shawara da wanmu muka zaɓi kaptar kaɗai, da sharaɗin in ya yi yoyo ko kaɗan za mu sayi ramp ba gardama. Ba mu ce kowa ya bi mu a wannan ba, aljihunmu ne ya yi zaɓin. Wani ɗan kasuwa mai bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya ya kai lambar kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, bayan kwana 5 ya kawo mana na ainihi a kan jika 55.

Ranar ɗaurawa hunturu ya fara busawa, saurayin ya ƙi yin aikin a fili. Motar ta kwana a cikin rumfarsa don inji ya yi sanyi matsi ya sauka sarai. Da sassafe ya yayyafa wa ƙasa ruwa, ya cire wayar batir ta ƙasa, ya wanke kewayen ramp ya busar da iska, domin ramukan bakin injekta siraran gaske ne, ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta yi ɓarna. Ya kwance tsohon, bai bar ramin a buɗe ba ko na minti ɗaya. Sabon bai taɓa bakinsa da yatsa ba. Ya shafa wa zaren ɗigon gazuwal mai tsabta, ya murza da hannu har ya zauna, sa'an nan ya ɗaure da sifana mai awo daidai adadin da littafi ya faɗa. Babu farin zaren masu gyaran famfon ruwa, babu gam. Bakin kaptar ɗin yana da kaifi da ke cizon ƙarfen ramp ya toshe, kuma sau ɗaya yake cizo mai kyau, shi ya sa ba a kwance shi a mayar don gwaji.

Ya mayar da batir, ya danna ɗan famfon hannu da ke kan matata har ya yi tauri, ya murza makulli. Allo ya nuna kusan sifiri. Ya ta da inji, lamba ta hau wajen 300 ta tsaya cak. Sai ya ɗauki farar takarda ya zagaya da ita kewayen kaptar ɗin yana neman jiƙa, hannunsa na nesa. A nan ya ja mana kunne da abin da muke roƙon duk mai ɗa a gareji ya isar masa: tsohuwar al'adar sassauta goron bututun injekta inji na aiki, don a fitar da iska ko a gane silindar da ba ta ci, ba a yin ta a irin wannan inji. Man da ke fita da wannan matsi yana huda fata ya shiga nama, ramin ƙarami kamar na allura, amma yana iya kai mutum ga rasa yatsa ko hannu in ba a garzaya asibiti ba. Takarda ta fito a bushe. Ya goge lambobin, muka loda buhu 10 muka yi Cadawa muka dawo da tsakar rana. Fitila ba ta kama ba, ba ta kuma sake kamawa ba har yau.

Da muka ba Malam labari bai ce komai game da shanu ba. Tambaya ya yi, "Yaushe za ku ƙauye?" Muka ce sai an kwana biyu, aiki ya yi yawa. Ya ce, "A zaure kuka faɗa, a gaban mutane. Gobe za ku, ku tafi da wanku, ku faɗa a gaban mutane."

Mun same shi a bakin rijiya yana shayar da awakin kawunsa, jakarsa ta tafiya Agadas a ɗaure take tun shekaranjiya. Muka tara kawun da mutanen gidan, muka faɗi abin da muka ce da abin da aka gano. Mun zo da tsohon kaptar ɗin a aljihu, muka ɗora masa a tafin hannu, abu bai fi babban yatsa ba. Ya jujjuya shi ya daɗe yana kallo. Sa'an nan ya ce, "Ba komai, Yaya, ya wuce." Kawun ya sa baki, aka yi addu'a, da la'asar shi ya tuƙo mu zuwa gida.

Yana nan tare da mu, ya yi aure a 2024, motar kuma tana hannunsa. Sai dai tun daga ranar, duk lokacin da ya sha mai yakan karɓo takardar gidan mai, ya ajiye ta a kan tabarmar zaure inda muke zama, ya ɗora mata ɗan dutse don kada iska ta ɗauke. Mun ce masa ya bari, wanmu ya faɗa, mahaifiyarmu ma ta faɗa. Jiya da magariba mun tarar da wata, lita 40.